Nomau da Ƙudujin da Ke Barci a Saura

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani ƙauye da ba sai na kama sunansa ba, tun zamanin da fatake ke bin ƙasa da jakuna. Sunansa Nomau. Ku saurara da kyau, don labarin nan bai yi nisa da gidajenmu ba.

Nomau manomi ne. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne. Abin da ya sani na karatu bai wuce wanda zai yi salla da shi ba. In ana hira a dandali shi ne na gefe. In an tambaye shi ya amsa, in ba a tambaye shi ba ya koma gida da maganarsa a ciki. Yana da mata, Tasalla, da 'ya'ya ƙanana, yana kuma da ƙane guda, Jatau. Shi Jatau tun yana saurayi ya bi fatake kudu sayen goro, sai dai a ji labarinsa a bakin matafiya. Nomau ne ya zauna da tsohonsu a gandu, shi ne noma, shi ne jinya, har Allah ya karɓi ran tsohon. Mahaifiyarsu dama ta riga shi.

Da labarin rasuwa ya kai wa Jatau, sai ya tattaro iyalinsa ya dawo gida, ya ce ya gaji da yawo, noma zai kama. Aka zo rabon gado.

Gona biyu tsohon ya bari. Ɗaya ƙarama ce, a bakin gari, in ka fito daga zaure kana hango ta. Tokar murhun gidan, kashin awaki da na jaki, sharar tsakar gida, duk nan Nomau ke kai su a mangala kowane rani, har ƙasar ta yi baƙi ta yi laushi. Ita ke ciyar da gidan. Ɗayar kuwa tana can nesa da gari. Faɗinta ya ninka na ƙaramar, amma saura ce, wato an bar ta ta huta, an daɗe rabon da a sa mata garma. Sabara da kalgo sun cika ta, da damina tafasa ta kai wa mutum ƙugu.

Baffa Cindo, ƙanin mahaifinsu, shi ya tsaya a kan rabon tare da dattawan gari. Suka duba, suka ce girman waccan ya biya kyan wannan, kowa ya ɗauki ɗaya. Al'adar garin kuwa, babba shi ke rabawa, ƙarami shi ke zaɓe. In ƙarami ya zaɓa aka shafa fatiha, magana ta mutu, ba mai tayar da ita. Aka sa ranar fatiha can gaba, dab da ruwan shuka, don Jatau ya samu ya zaga ya gani da idonsa.

Jatau ya zaga. Ya tsaya tsakiyar saura ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya duƙa ya damƙi ƙasa ya murza. Kowa dai ya san gonar da ta huta ita ce mai albarka. Ya dawo gida yana fara'a.

"Yaya, na zaɓa," ya ce. "Babbar nake so. Kai ka riƙe 'yar tabarmarka ta bakin gari."

Tasalla tana daka ta ji. Ta tsayar da taɓarya, ta yi hamdala a ranta. Gonar da take fargabar a raba su da ita ta tsira.

Sai Nomau ya buɗe baki ya ce, "Kada ka ɗauke ta, Jatau. Akwai ƙuduji a cikinta."

Bari in tsaya nan, don akwai waɗanda ba su taɓa riƙe fartanya ba a cikinmu. Ƙuduji, wanda wasu ke ce wa wuta-wuta, wani tsiro ne mai fure ja-ja, gwanin kyau a ido. Amma ba ya neman abincinsa da kansa. Saiwar gero ko dawa yake kamawa a ƙarƙashin ƙasa ya yi ta tsotsa. Sai ka ga gero ya tsaya ya ƙi tsawo, ganye ya ƙone kamar an bi shi da wuta, zangarniya ba ta fi yatsa ba. Irinsa kuwa ƙanana ne kamar ƙura, tushe ɗaya yana zubar da abin da ba ya ƙirguwa.

Ku saurara, nan ne wurin. Kowane irin daji da abin da Allah ya sa ke tashinsa. Tafasa ruwan farko take jira. Ƙwallon gawo sai ya bi ta cikin akuya ko saniya ɓawonsa ya yi laushi, sannan ya tsiro. Akwai wanda sai gobarar daji ta bi ta kansa. Shi kuwa irin ƙuduji, ruwa ya zuba a kansa damina bayan damina, ba ruwansa. Yana nan kwance. Bai mutu ba, bai ruɓe ba, bai tashi ba. Abu ɗaya yake jira, saiwar gero ta zo kusa da shi. Ranar da ya ji ta, ranar zai farka.

To, Jatau ya dubi yayansa, ya yi murmushi irin na 'yan kasuwa.

"Ƙuduji? Ni da na zaga ta lungu-lungu ban ga ko ɗaya ba?"

"Ba za ka gani ba. Yana cikin ƙasa. Shekarun baya ni da Baba mun gwada kusurwar gabas, muka sa gero a 'yan kunyoyi. Ya fito kamar an kira shi. Baba ya tuge ya ƙone, ya ce mu ƙyale ta."

"Wa ya gani?"

"Ni da shi."

"To ai shaidarka tana kabari, Yaya." Jatau ya gyara zama a kan turmi. "Ni fa kasuwa ce ta raine ni. Duk wanda ka ji yana kushe kaya, shi ne mai son saye. In babbar kake so, ka fito ka ce kana so, ba sai ka laƙa mata ciwo ba."

Tasalla ta tsoma baki. Kun san tsakanin mace da ƙanin mijinta akwai wasa. Ta ce, "Mijina, rabu da shi. Ɗauki babbar gonarka. Kai da ka ga duniya, ina kai ina 'yar tabarma?"

Jatau ya ce, "Kun ji matata. Ta fi yayana ƙaunata."

Ya tashi ya fita yana dariya. Kafin ƙurar ƙafarsa ta kwanta, Tasalla ta juyo kan mijinta.

"Malam, wa ya tambaye ka?"

"Ba wanda ya tambaye ni."

"Kai da ko a dandali sai an ja bakinka da igiya, yau ne ka ga ranar magana? Allah ya kashe ya ba ka, kana neman ka mayar?"

"Ɗan'uwana ne, Tasalla. Da 'ya'yansa ya dawo. In ya zuba irinsa a can, me za su ci?"

"Naka fa, me za su ci? Furen ƙuduji zan dafa musu?"

Kada ku ɗauka Nomau ba ya son gonar nan. Yana son ta kamar ransa. Ya san inda ruwa ke kwanciya a cikinta, ya san inda gero ke fara nuna. Bayansa ya san nauyin kowane kwandon taki da ya shiga cikinta. Amma in ya rufe ido sai ya hango Jatau tsaye cikin jan fure da kaka, rumbu wayam, yana tambaya, Yaya, ka sani? Wannan tambayar ce ta hana shi sakat.

Ya tafi wajen Baffa Cindo ya faɗa masa. Baffa ya shafa gemu ya ce, "Na tuna ƙudujin nan, shi ya kori yayana daga gonar. Amma kai Nomau, wane iri ne zai yi waɗannan shekaru a ƙasa? Ko gyaɗa ka binne, in ta kwana damina ɗaya ta ruɓe. Ya mutu tuntuni. Ka bar yaro ya ɗauki abin da ya zaɓa."

Ya tafi wajen dattawa ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya ce masa haka, wancan ya ce masa haka. Kafin a jima magana ta zaga gari. A bakin rijiya ana cewa, ashe Nomau macijin ƙaiƙayi ne. A dandali ana cewa, shiru-shirun nan dama na kwaɗayi ne, ya ci gandu shi kaɗai shekara da shekaru, yanzu kuma yana so ya haɗiye babbar gona.

Kun ji halin mutane. Mutum yana ƙoƙarin cire wa ɗan'uwansa ƙaya, ana cewa aljihunsa yake lalube. Mun saba da ƙarya har in gaskiya ta yi mana sallama sai mu ce me take nema. Abin nan yana ba ni haushi, kuma ya ba Nomau haushi. Mutumin da bai iya faɗa ba, sai ga shi yana tafe a hanya yana magana shi kaɗai yana yarfa hannu. Yaya za ka nuna wa mutum abin da ya fi ƙura ƙanƙanta, kuma yana barci a cikin ƙasa?

Sai dabara ta zo masa. Akwai wata tsohuwar randa ta Tasalla da bakinta ya fashe, wadda take zuba wa awaki ruwa a ciki. Ya ɗauko ta ya kira ƙanensa.

"Jatau, ga jaki ga mangala. Je ka babbar gonar da kanka, ka ɗebo ƙasa daga duk inda ka ga dama. Kada in bi ka, don kada ka ce na sa wani abu. Mu zuba a nan mu shuka gero, mu riƙa ba shi ruwa. Gani ya kori ji."

"Noman rani a cikin randa?" Jatau ya yi dariya har da riƙe ciki. Amma ya je ya ɗebo. Aka cika randar, shi da hannunsa ya jefa gero, aka ajiye ta a tsakar gida inda kowa ke gani, aka kewaye ta da ƙaya saboda awaki da kaji.

Tasalla ta tsaya ta riƙe ƙugu. "Wato da randata za a kore ni daga gonata. Ban taɓa ganin wanda ya ƙona rumbunsa kuma ya nemi a taya shi fifita ba sai kai."

Rani ne, rijiya ta yi ƙasa, guga sai an ƙara masa igiya. Nomau ya riƙa jawo ruwa safe da yamma yana zuba wa randa. Ƙasar nan da ta ji ruwa, sai 'yan barci suka fara tashi. Tafasa ta ɓullo. Ƙarangiya ta ɓullo. Wasu hakukuwan da ba wanda ya shuka su duk suka ɓullo, Nomau yana cire su ɗaya-ɗaya. Gero ya tsiro, ya yi kore shar, ya miƙe. Ƙuduji kuwa ko alamarsa.

Wata ya kama, ya raba, ya mutu. Shiru.

Mutane suka riƙa shigowa kallo. Masu zuwa ɗiban wuta, masu zuwa aron rariya, kowa sai ya leƙa randa. "Nomau, baƙon naka bai iso ba?" "A buga masa ganga mana, ko barcin ya yi nauyi." Jatau kuwa kullum da safe sai ya tsaya a kanta da asuwaki a baki.

"Yaya, Allah ya saka da alheri. Da ina ɗan shakka, amma yanzu ka nuna mini gonata ta fi yadda nake zato."

Nomau ya haɗiye. Har shi kansa ya fara cewa a ransa, ko dai Baffa ne ke da gaskiya? Ko ya mutu ɗin? In ya mutu, to alhamdu lillahi, kowa ya huta, abin da ya yi asara sunansa ne kawai.

Aka wayi gari ranar fatiha. Hadari ya fara leƙowa daga gabas a kwanakin, kowa yana gyaran iri. Jatau ya sa babbar rigarsa ya riga Nomau fita zuwa gindin tsamiya inda dattawa ke taruwa. Tasalla tana shara, fuskarta a sake, rabon da a gan ta haka tun kafin rabon gado.

"Malam, wasa ya ƙare. Juye mini randata kafin ka fita, awakina sun gaji da sha a ƙwarya."

Nomau ya janye ƙayar, ya mirgina randar zuwa bayan rumbu, ya kama geron ya ja. Ƙasa ta biyo shi dunƙule guda. Ya buga ta da ƙasa ta warwatse.

Sai ya tsaya.

A jikin saiwar geron, can ƙasa inda ido ba ya kaiwa, ga wasu 'yan tsirrai farare, gajeru, masu kauri, kamar haƙoran jariri. Kowanne ya lafe a saiwa ya kama ta gam. Ba ɗaya ba ne, ba biyu ba ne. Sun farka tuntuni, suna ta sha a ɓoye, lokacin fitowarsu sarari ne bai yi ba.

Tasalla ta ji shirun ya yi yawa, ta zagayo da tsintsiya a hannu. 'Yar manomi ce, ba sai an gaya mata ba. Ta dubi saiwar, ta dubi mijinta, ta dubi ƙofar gida. Ba kowa.

Ta rage murya. "Kawo in ba akuya."

Nomau ya ƙara damƙe geron.

"Malam, ka saurare ni. Ka faɗa masa, ya ƙi. Ka faɗa wa Baffa, ya ƙi. Ka bi dattawa gida-gida, sun yi maka dariya. Ka jawo ruwa har tafinka ya yi kanta. Duk garin nan shaida ne ka faɗa. Wa zai ce ka ɓoye? Ko gobe ƙudujin ya fito, kai za a ce ka yi gaskiya, ga gonarka a hannunka. Me kake nema kuma?"

Jama'a, ku faɗa mini, ƙarya ta yi? Ba ta yi ƙarya ba. A idon mutane Nomau ya fita. Nan ne jarrabawar take, ba can baya ba. Can baya ya faɗi gaskiyar da ba a yarda da ita ba, wannan ba ta ci masa komai ba sai suna. Yanzu kuwa gaskiyar da za a yarda da ita ce a hannunsa, kuma ita za ta ci gonar.

Akuya ta ji ƙanshin ɗanyen ganye ta matso. Ta miƙa wuya ta kama bakin ganyen ta fara ja. Nomau yana kallonta. In ya saki, shi ke nan, bai yi ƙarya ba, bai ce komai ba, akuya ce ta ci abincinta. Ya hango gonar bakin gari ta saman danga, baƙar ƙasa tana jiran ruwa.

Sai ya fizge.

"Jiya ban da abin nunawa," ya ce. "Yau ina da shi. In na ba akuya, ni na san abin da na ba ta."

"To ka tafi," in ji Tasalla. "In yunwa ta zo, kai za ka yi wa yara bayani. Ni ba ruwana."

Nomau ya isa gindin tsamiya an riga an zauna, Baffa Cindo yana gyara murya. Suka gan shi tafe da gero a hannu, ƙasa tana zuba a rigarsa. Wani ya ce, "Ga manomin randa nan ya kawo girbi." Aka yi dariya. Nomau ya durƙusa ya ajiye saiwar a kan tabarma gaban Baffa.

Baffa ya ɗauka, ya kai kusa da ido, ya taɓa fararen tsirran da farce. Ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙa wa na kusa da shi. Dariya ta ɗauke. Saiwa ta zaga hannu-hannu har ta iso wurin Jatau.

"Mene ne wannan?" ya ce.

"Shi ne," in ji Baffa. "Ashe yana nan. Duk shekarun nan yana nan."

Jatau ya juya saiwar. Kuna zaton zai rungume yayansa? Ku saurara ku ji. Ya ce, "Ina na san daga randar nan aka ciro wannan?"

A nan Nomau ya ɗaga murya, abin da ba a taɓa ji ba. "Kai ka ɗebo ƙasar, kai ka jefa irin, kullum kana tsaye a kanta da asuwakinka. Me kuma kake so in yi maka, Jatau? In haɗiye ƙasar ya tsiro a cikina?"

Lissafin kasuwar Jatau ya ƙi fita. Mai kushe kaya don ya saya, ai kayan banza yake samu in kushen gaskiya ne. Ya dubi yayansa kamar yau ya fara ganinsa. Amma ɗan Adam ɗan Adam ne. Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Baffa, na fasa. Ta bakin gari nake so."

Wurin ya ɗauki gunaguni. Baffa Cindo ya ɗaga hannu. "Nomau, ƙanenka ya riga ya zaɓa da bakinsa, kowa ya ji. Al'ada ba ta ba shi zaɓi biyu ba. In ka ce a'a, a'a ne."

Ga wata ƙofar kuma an buɗe masa. Nomau ya ce, "Baffa, lokacin da ya zaɓa bai ga abin da yake zaɓa ba. Yanzu ya gani. A shafa."

Aka shafa fatiha. Gonar bakin gari ta zama ta Jatau, saura da ƙudujinta ta zama ta Nomau.

Na san abin da kuke jira. Kuna jira in ce da ya kai garma sai ya tono tukunyar zinariya. Bai tono ba. Kullum haka muke, ba ma son gaskiya sai an haɗa mana ita da tukuici a hannu. Abin da ya tono kututturen sabara ne da na kalgo, yana sara yana haƙa har hannunsa ya fashe.

Gero dai ba halin shukawa. Sai ya sa auduga da gyaɗa. Manoma sun daɗe da lura cewa ƙuduji yana jin saiwar auduga ya farka, yana zaton abinci ya zo, amma ba ya iya kama ta, sai ya mutu da yunwa a cikin ƙasa. Haka Nomau ya riƙa tashinsa kaɗan-kaɗan, damina bayan damina. Da rani ya roƙi Fulani su kwana da shanunsu a gonar. In ya gwada gero a gefe ƙuduji ya ɓullo, ya bi shi ya tuge tun bai yi fure ba, ya tara ya ƙone.

Sun sha wuya, ba zan ɓoye muku ba. Tasalla ta koma yin ƙuli-ƙuli da kaɗi, tana musanya su da gero. Wani lokaci geron da take karɓowa na gonar bakin gari ne, daga hannun matar Jatau. Duk ranar da ta auno shi, sai ta dire ƙwaryar a gaban mijinta ta ce, "Ga takinka nan na sayo." Shi kuwa Jatau da kaka yakan aiko da dami, wata shekara ya tuna, wata shekara ya manta. Amma daga ranar tsamiya bai ƙara musa wa yayansa magana ba. In Nomau ya ce abu kaza ne, Jatau yakan ce wa mutane, ku bar bincike, in Yaya ya faɗa haka yake.

Shekaru suka tafi. Yara suka girma suka kama garma. Furfura ta cika wa Nomau kai kafin shekarar da ya shuka saurar nan gero tun daga gabas har yamma, ya tashi ya yi zangarniya kamar damtse, ƙudujin da ya fito bai cika kwando ba. Aka yi girbi, aka cika rumbu, aka ɗinka wani.

Tasalla ta surfa sabon gero ta dama fura, ta kawo masa a inuwar rumbu. Ita ma ta tsufa. Ta zauna kusa da shi tana kallonsa yana sha.

"Geron naka ya zo bayan haƙora sun tafi," ta ce.

"Ai fura ba ta neman haƙori."

Ta yi tsaki, ta karɓi ludayin ta sha. Can ta ce, "Har gobe da ni ce, akuya zan ba." Ta ƙara sha. "Amma da ka ba ta, ban san da wane ido zan riƙa kallonka ba duk shekarun nan."

To, 'yan'uwa, ga abin da nake so mu ɗauka. Gaskiya ba ita ce ka faɗa sau ɗaya a gurguje don ka wanke kanka a idon mutane ba. Gaskiya ita ce ka tsaya sai ɗan'uwanka ya ga abin da ka gani, ko da kai ne za ka kwana a ciki. Malamai sun gaya mana, wanda ya san aibin abu ya ɓoye wa wanda zai karɓa, ya ha'ince shi, ko da bakinsa bai furta ƙarya ba. Shiru ma ha'inci ne in ka san shirun zai cuci wani.

Mu dubi kanmu. Kai mai kai akuya kasuwa, ka san tana tari da asuba, ka ba ta ruwan kanwa ta yi ƙyalli, kana cewa ai mai saye ya duba da idonsa. Ke mai sayar da wake, kin san ƙwari sun shiga na ƙasan buhu, kin zuba mai kyau a sama. Kai mai ba da hayar ɗaki da rani, ka san inda yake yoyo da damina. Ke da aka tambaya halin wanda za a ba amana, kika ce, to, ni dai ban sani ba, alhali kin sani. Kowa yana cewa, ai ba a tambaye ni ba. Nomau wa ya tambaye shi?

Abin da kuka rufe ba mutuwa yake yi ba. Kwanciya yake yi, kamar irin nan a cikin ƙasa, yana jiran ranarsa. Zai tashi a gonar ɗan'uwanku bayan ya zuba ƙarfinsa da irinsa, ya kuma tashi a gabanku ranar da ba akuyar da za a miƙa wa. Ku tono shi yau da hannunku, ku ajiye a kan tabarma kowa ya gani. Abin da zai ci muku ya ci, Mai arziki yana nan.

Allah ya ba mu ikon faɗin aibin abin da ke hannunmu, ya tsare mu daga cin haƙƙin 'yan'uwanmu ta hanyar shiru. Amin.